Kada a Shafa wa Makwancin Jirgi Baƙin Mai: Martani

Malam, na karanta rubutunka a kan wahalar sauke kwale-kwale daga tirela zuwa ruwa da kuma ɗora shi, na sake karantawa, sannan na ajiye shi kwana biyu don kada in amsa maka da zafin kai. Ga abin da na fahimta ka faɗa. Katakan nan biyu da jirgi ke kwanciya a kansu bisa tirela, waɗanda zan riƙa kira makwanci, su ne ke riƙe jirgi su hana shi sauka, don haka a ɓamɓare kafet ɗin da ke kansu, a nemo tsohon baƙin mai da aka juye daga inji, a shafe su da shi har su yi sulɓi. Ka ce man nan kusan kyauta ne a kowane garejin Adjamé da ke Abijan, ka ce yana hana katako ruɓewa, ka kuma ce iya santsin makwanci iya sauƙin aiki. Wannan magana ta ƙarshe ita ta fi tsaya mini a rai, domin a kanta sauran duka suka jingina.

Zan fara da inda ka yi gaskiya. Wahalar da ka kwatanta akwai ta. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin gangara ta gefen titin da a da ake kira Boulevard de Marseille ya ga ƙarti huɗu sun sa kafaɗa suna tura jirgin da ya ƙi motsi, rana na dukansu, ya san ba ƙari ka yi ba. Da yawa daga masu sa kafaɗar nan kuwa 'yan'uwanmu ne, samarin da suka taso daga Tawa da Maraɗi da Sakkwato suna aikin yini a bakin ruwa. Ka kuma yi gaskiya da ka ce tsohon kafet mugun abu ne. Yana shan ruwan gishiri ya riƙe, yana tara yashi, sai ya koma kamar takardar gugar katako yana cin cikin jirgi a hankali, katakon da ke ƙarƙashinsa kuma yana ruɓewa ba wanda ya gani. Har nan muna tare. Maganin da ka kawo ne ba zan yarda da shi ba.

Ka ɗauki riƙon da makwanci ke yi wa jirgi a matsayin aibi. Riƙon nan kuwa rabin aikin makwanci ke nan. Masu zana gangarar sauke jirgi sukan ba ta karkata ta kashi 12 zuwa 15 cikin 100, wato a tafiyar mita 100 ƙasa na sauka da mita 12 zuwa 15. Ɗauki jirgin da nauyinsa ya kai tan ɗaya da injinsa da tankin mansa, ka ajiye shi a gangara mai kashi 15. Tun kafin kowa ya taɓa shi, akwai ƙarfin da ya kai kusan kilo 150 yana jan sa baya, kamar an rataya masa buhun siminti uku. In tan biyu ne, buhu shida. Abu biyu kaɗai ke tsayar da wannan ja, igiyar da ke ɗaure da hancin jirgin da kuma riƙon makwanci. Shawararka ta kashe na biyun ɗungurungum, ta bar jirgi da duk wanda ke tsaye a bayansa rataye da ƙugiya guda.

Na san amsar da za ka ba ni, za ka ce ai sai a bar igiyar a ɗaure. Haka ya kamata. Amma ka je bakin gangara ka zauna wuni ɗaya ka ga yadda ake yi. Hannun da ya shekara goma yana kwance ƙugiya tun daga saman gangara, saboda ya san kafet zai riƙe jirgin har a isa ruwa, ba zai daina ba don kawai maigida ya shafa mai daren jiya. Sau da yawa ma wanda ya shafa man daban, direba daban, yaron da ke kwance ƙugiya daban, kuma ba wanda ya gaya wa wani. Rubutunka daga farko har ƙarshe bai ambaci igiya ko sarƙa ko sau ɗaya ba, ka aika mutane su canza halin kayan aikinsu ba ka gargaɗe su su canza halin hannunsu ba.

Ina faɗin haka da ƙarfi ne domin na gani da idona. Shekarun baya, a wata gangara ta ɓangaren Treichville, mai wani jirgin faiba ya shafe makwancinsa da maiƙo. Yaron mota ya cire ƙugiya a sama kamar yadda ya saba, direba ya fara yin baya sannu a hankali, da ya zo tsakiyar gangara ya ɗan taɓa birki. Tirela ta tsaya, jirgi bai tsaya ba. Ya sulale ya faɗo kan kankare, saura 'yan taku a kai ruwa, ƙafar injin ta daki ƙasa ta karye, farfela ta lanƙwashe. Wani saurayi da ke bayan jirgin yana yi wa direba alama da hannu ya yi tsalle, amma ƙafarsa ɗaya ba ta tsira ba. Mu muka ɗauke shi. Ya yi watanni bai fita nema ba, kuma mutum ne da ake jiran aikensa a gida. Mai jirgin ya gyara jirginsa cikin mako uku. Duk lokacin da na ji ana yabon santsi, fuskar yaron nan nake gani.

Ka kafa hujja da manyan ma'aikatun ƙera jirage, ka ce su ma da kitse suke sauke jirgi. Haka ne, kuma misalin da kowa ya sani shi ne Titanic. Ranar 31 ga Mayu 1911, a ma'aikatar Harland and Wolff da ke Belfast, an shafe hanyar saukarsa da kitse da sabulu kimanin tan 22, ya gangara ruwa cikin daƙiƙa 62. To amma dubi abin da misalin ke nunawa. Hanyar sauke manyan jirage karkatarta ba ta cika wuce ɗaya cikin 20 ba, wato kashi 5 cikin 100, kuma a wannan 'yar karkata maiƙo ya isa ya tafiyar da gangar ƙarfe mai nauyin sama da tan 20,000 ba tare da an tura ta ba. Gangarar da kake so a shafa wa mai ta ninka wannan tsayuwa sau biyu zuwa uku. Sannan su can ba su saki jirgin haka kawai ba. Akwai ƙarafan da suka riƙe shi har zuwa lokacin da aka ba da izini, akwai anka da tarin sarƙoƙi masu nauyi da aka tanada don su tsayar da shi bayan ya shiga ruwa, an kuma kore mutane daga hanyarsa. Duk da wannan tanadi, a ranar wani ma'aikaci ya ji ciwon da ya zama ajalinsa, wani gungumen da ke tokare jirgin ne ya danne shi. Kuma jirgin da aka sauke da kitse tafiya ɗaya ya yi a kan wannan hanya, bai sake hawanta ba. Tirela kuwa yau ta sauke, anjima ta ɗora, gobe ta hau titi.

Zancen ɗorawa ma ka wuce shi da sauri. Makwanci mai maiƙo yana sauƙaƙa murɗa igiya, na yarda. Amma da zarar mai murɗawa ya tsaya shan iska, nauyin duka ya koma kan igiya da ɗan haƙorin ƙarfen da ke kulle ta. In haƙorin ya ci, ko tsatsa ta hana shi kamawa, hannun murɗawar zai juyo baya da gudu, kuma irinsa kan karya wuyan hannu ko ya fasa baki. Bayan an fita daga ruwa sai titi. Ka yi tunanin tirela ɗauke da jirgi a kan titin da a da ake kira Boulevard Giscard d'Estaing da yamma, za a tafi Grand-Bassam ko Assinie, motar haya ta gbaka ta yanko gaba ta tsaya ɗaukar fasinja, direba ya take birki. Duk direban da ya taɓa ɗaure kaya ya san igiya ba ita kaɗai ke riƙe lodi ba, zaman da kayan ya yi daram a kan shimfiɗarsa yana riƙe kaso mai yawa. Jirgin da ke kwance a kan mai, kowane birki da kowace kwana a kan maɗauri suke ƙarewa.

Shi kansa jirgin bai tsira daga baƙin mai ba. Mai yana kama yashi fiye da yadda kafet ke kamawa, kuma yashi da mai in sun cuɗu, abin da ake goge ƙarfe da shi ke nan. Jirgin katako da aka toshe tsagunsa da kwalta, mai na narkar da kwaltar. Katakon da ya sha mai ba ya karɓar fenti ko gam, haka faiba, ranar da aka tashi yin faci sai an kankare wurin sosai kafin ya kama. Roba irin ta taya tana kumbura ta lalace in ta daɗe cikin mai. Sannan abin da ya ɗiga a kan kankare ya haɗu da gansakukar da dama ke kwance a bakin ruwa, tayar motar da ke jan tirela ta rasa abin kamawa, ƙafar ɗan dako ma haka. Da ka ce mai na hana ruɓa, wani ɓangare ne na gaskiya, amma katakon da ke bushewa tsakanin shiga ruwa da shiga ruwa ya fi daɗewa a kan wanda aka lulluɓe, kuma farashin katako biyu bai kai na ƙafar inji ba. Garin gyaran gira kada a rasa ido.

Yanzu in zo kan ruwan, wanda ka rubuta kamar ba kowa a cikinsa. Kowane sauke jirgi wanka ne ga makwanci. Man da aka shafa da safe, kafin azahar yana kan tafkin Ébrié yana walƙiya launi-launi, gobe sai a sake shafawa. Tsohon baƙin mai kuwa ya sha bamban da sabo, ya kwaso ɓurɓushin ƙarafa da ƙonannun sinadarai daga cikin inji, wasunsu an tabbatar suna jawo ciwon daji. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta daɗe tana gargaɗin cewa man da aka juye daga mota ɗaya a canji guda zai iya gurɓata galan miliyan ɗaya na ruwa. Tafkin nan ya kai tsawon sama da kilomita 100, amma ɓangaren da Abijan ke zaune a kansa lungu-lungu ne, ruwan ba ya saurin juyawa. Tun kafin shawararka, abin da ake zubarwa a magudanun Adjamé da Abobo yana bin kwarin Gourou ya sauka ta mahadar Indénié ya faɗa lungun Cocody, wurin da gwamnati ta yi shekara da shekaru tana kashe maƙudan kuɗi tare da taimakon Maroko don ta tsabtace. Wato man garejin Adjamé dama yana samun hanyar tafkin a ɓoye. Kai kuma ka ce a zuba shi a jarka, a haye gadar Houphouët-Boigny da shi, a kai shi bakin ruwa da hannu.

A cikin ruwan nan ake kama karfasa da kaguwa da jatan lande da kifin da ake kira machoiron, su ne ake ƙyafewa ana sayarwa a kasuwar Treichville, matanmu na saye. A kansa dubban mutane ke ƙetarawa kullum, a jiragen kamfanin SOTRA da suka fara aiki tun 1980, da na sababbin kamfanonin da suka shigo a 2017, da jiragen katako na pinas da talaka ke hawa daga Abobo-Doumé. Mutanen Abijan sun san ɗacin dattin mai. A watan Agusta 2006 aka zubar da dattin jirgin Probo Koala a wurare daban-daban cikin gari, aƙalla mutum 15 suka rasu bisa ƙidayar hukuma, sama da 100,000 suka nemi magani. Ba na kwatanta jarkar baƙin mai da wannan bala'i, girmansu ba ɗaya ba ne. Abin da nake cewa shi ne, a garin da ya ga haka, garin da ke da hukumar yaƙi da gurɓatawa ta CIAPOL, mu da muke baƙi masu neman halal bai dace a same mu muna koya wa juna zuba mai a ruwa ba. Ko a makarantar allo, yaron da ya fara Ahalari an koya masa cewa ruwan da mai ya sauya wa launi ko ɗanɗano ko ƙamshi ba ya yin alwala. Abin da ya ɓata ruwan buta, shi ne dai zai ɓata ruwan tafki.

To me za a yi da jirgin da ya ƙi sauka? A fara tambayar me ya sa ya ƙi. Mafi yawan lokuta dalilin shi ne ba a shigar da tirela ruwa yadda ya kamata ba. In kusan kashi biyu cikin uku na makwanci ya nutse, bayan jirgin zai tashi da kansa, ruwa ya ɗauke nauyin, mutum ɗaya ya tura da hannu. Na san abin da ke hana direbobi yin haka, kuma tsoronsu na da tushe. Tun da aka buɗe mashigin Vridi a 1950 ruwan teku ke shigowa tafkin, da rani gishirinsa na ƙaruwa, kuma boris ɗin tayar da ya yi zafi a hanya in ya tsunduma cikin ruwa sai ya zuƙo shi, bayan 'yan makonni tsatsa ta cinye. Maganin wannan shi ne a tsaya minti goma sha biyar ƙafafun su huce kafin a shiga, a wanke tirela da ruwan famfo bayan an fito, a riƙa cika boris da giris. Nan ne wurin maiƙo, a rufe cikin ƙarfe inda ruwa ba zai ɗauke shi ba. In kuma ana tsoron motar ce ta taɓa ruwa, maƙeri zai iya ƙara wa wuyan tirela tsawo.

Dalili na biyu shi ne makwancin da bai zauna daidai da cikin jirgi ba. Ƙarfen da ke riƙe shi ya lanƙwashe, ko katakon ya gantsare, sai nauyi ya taru a wuri ɗaya kamar tafin hannu maimakon ya bazu a duk tsawon katakon. Irin wannan ko da tulun mai aka zuba masa sai ya cije. A gyara zamansa, a tabbatar ƙarshensa ya kai daidai gindin jirgi inda inji ke rataye, a canza kafet ɗin da ya mutu.

In an yi waɗannan kuma har yanzu ana son ƙarin sauƙi, akwai matakai, daga mai laushi zuwa mai ƙarfi. Na farko bokitin ruwa, a jiƙa makwanci kafin a ɗora, kuma abin mamaki ne yawan wahalar da wannan kaɗai ke ragewa. Na biyu kyandir. Lokacin da jirgi ke cikin ruwa kuma kafet ya bushe, a goga masa kyandir ko kakin zuma, yana rage cizo ba tare da ya kashe riƙo ba, ba ya narkewa ya bi ruwa, kuma ba ya kama yashi kamar mai. Feshin silikon da ake sayarwa a gwangwani yana aiki, sai dai shi ma yana hana fenti kamawa daga baya, kuma santsinsa ya fi yadda mutane ke zato. Na ƙarshe shi ne roba mai tauri irin ta shuɗin duro, wadda masana ke kira HDPE. Ana sayar da ita a yanke don wannan aikin, kuma wanda ba shi da hali zai sami duro a Adjamé, wanda aka zuba kayan abinci a ciki, ya wanke, ya yanka falle-falle. A ɗaure da sukurori na ƙarfen da ba ya tsatsa, a nutsar da kawunansu cikin robar don kada su karce jirgi. Ni abin da na fi amincewa da shi, a sa robar guntu-guntu a rabin gaba kawai, a bar rabin baya da kafet, domin in bayan jirgi ya tashi a ruwa gaban ne ke cijewa, in kuma ana kan titi bayan ne ke ɗauke da nauyin inji kuma shi ake so ya riƙe. Mai jirgin alminiyom da aka haɗa da kusoshi ya yi hattara, roba mai tauri na kama kan kusa ta sassauta shi, katakon da aka jiƙa da maganin ƙwari mai tagulla kuma yana cin alminiyom.

Duk wanda ya sa robar nan, ya sani ya shiga hukuncin da na faɗa a sama. Ita ma santsi ne, ta dai fi mai tsabta da iya tsarawa. Ya sa sarƙa ta biyu a hancin jirgi ban da igiyar murɗawa, ya ɗaure gindin jirgin da maɗauri biyu kafin ya hau titi, ya kira direbansa da yaransa ya gaya musu baki da baki cewa tirelar nan ta canza. Zan so ma a rubuta da jan fenti a wuyan tirela, da Faransanci da Hausa.

Akwai malamai a kusa da mu da ka manta da su. Je ka bakin teku ta Port-Bouët ko Vridi ka ga masunta Fante 'yan asalin Gana suna fitar da manyan jiragensu na katako, waɗanda nauyinsu ya ninka na jirgin tirela sau da yawa. A kan faifan katako da gungume suke mirgina su, mutum ashirin ko fiye a kan igiya, murya ɗaya na ba da umarni, kuma duk ja ɗaya akwai mai tokarewa don kada abin da aka samu ya koma. Ba sa neman jirgin ya tafi da kansa, suna neman ya tafi lokacin da suka ce, ya tsaya inda suka ce. 

Roƙona gare ka, Malam, ka sake rubutu a inda ka yi na farko, domin mutane sun karanta ka kuma wasu sun riga sun tafi gareji da jarka. Ka ce musu su mayar da baƙin man wurin masu tattara shi. Ka kuma rubuta musu tsarin saukewa dalla-dalla: a kwance maɗauran baya a saman gangara, a bar igiyar hanci da sarƙa a ɗaure, kowa ya kauce daga bayan jirgi, a yi baya har gindinsa ya tashi a ruwa, a ja birkin hannu a sa wa taya weji, sannan a cire sarƙa, a sassauta igiya a hankali hannu na kan ƙarfen murɗawa.